Yadda Na-Sani Ya Goge Motar Baba

Mijin yayata ya lashi takobin cewa cikin kwana uku zai sa motar Baba ta yi ƙyallin da sai mutum ya sa baƙin tabarau kafin ya kalle ta. A falon Baba ya faɗi haka, bakinsa cike da abinci, yana nuna mu da cokali ɗaya bayan ɗaya. A bayan idonsa Na-Sani muke kiransa, domin ba a taɓa fara magana a gabansa an kai ƙarshenta ba. Da ka ce "Ka ji wai…" zai tare ka da "Na sani." Ranar da nas ta fito ta gaya masa matarsa ta sauka lafiya ma, na sani ya ce mata, sannan ya bi ta da gudu yana tambaya mace ce ko namiji.

Motar kuwa Baba ya saye ta tun kafin a haifi Yaya. Koriya ce mai ƙofa huɗu, kuma ba fentinta ke tsayar da mutane a titi ba, ƙananan fararen ƙarafunan nan ne masu ƙyalli da kanikawa ke kira kurom: hannayen ƙofa na ciki da na waje, mariƙan ɗaga gilashi, zobban fitilu, madubai biyu, zoben hon, sai wani ɗan tsuntsu mai buɗaɗɗun fukafukai da ke tsaye a kan bonet. Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da rufewa. In ɗaya ya lalace, ya tafi ke nan, ko kasuwar ina ka je.

Shi ya sa Baba yake da tsarinsa. Ɗaya yake kwancewa, ya zuba kusoshinsa a gwangwanin madara, ya rubuta sunansa a jikin gwangwanin. Ya wanke shi da ruwan sabulu mai ɗumi, ya bi lunguna da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga man goge ƙarfe kaɗan, ya murza da tsohuwar singileti har sai ya ga haƙoransa a ciki. Sai ya mayar da shi mazauninsa kafin ya taɓa na gaba. Yakan ce kurom ɗin nan bai fi ɓawon albasa kauri ba, abin da ke ƙarƙashinsa kuma ba abin kallo ba ne. Ni ce autar gidan, kuma shekara ashirin ina yin wannan aiki tare da shi duk Asabar, har na yi aure ban daina zuwa ba.

To, sai aka yi wa Baba aikin yanar ido. Likita ya naɗe masa idanu, ya ce ya kwanta mako guda, ban da hayaniya, ban da ɓacin rai. Ga shi kuma ranar Asabar ƙungiyar masu tsofaffin motoci za ta yi taronta na shekara, inda kowa ke fito da tasa a jera a fili a duba. Baba ya riga ya sanar cewa ya ajiye tuƙi, kuma a wurin taron nan zai miƙa mabuɗi ga wanda zai riƙe masa amanar motar. Kowa a gidan ya san ni ce. Na-Sani kaɗai ya san wani abu dabam.

"Baba, wannan goge-goge da buroshin haƙori ai aikin mutanen da ne," in ji shi. "Yanzu kimiyya ake yi."

"Ka taɓa goge kurom?" na tambaye shi.

"Auta, ni kike tambaya? Ni da na yi wata shida a kamfanin ƙarafa?"

"A bakin get ka yi su. Lambar motocin da ke shiga kake rubutawa."

"To, duk ƙarfen da ya shiga kamfanin nan ta gaban wa ya wuce?"

Yaya ta harare ni. Baba, da yake mutum ne mai nauyin baki ga suruki, bai hana shi ba, ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro mabuɗin gareji. Ya ce, "To, a hankali dai. Ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da…"

"Na sani, Baba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina da jarrabawar ɗalibai a makaranta har ranar Alhamis, kuma a zuciyata na ce iyakarsa ya shafe motar da man da ya yi yawa, in zo in gyara. Wannan shi ne wautata, kuma ba na ɓoye ta.

Garejin yana bayan layinmu, tsakanin shagon mai walda da na tela. Abin da ya faru ranar Laraba daga bakin mai walda na ji, kuma shi mutum ne da ba ya ƙara gishiri. Ya ce da hantsi Na-Sani ya iso sanye da farar rigar likitoci da ya aro a kemis, ɗauke da babbar robar wankan 'ya'yansa a ka. Kafin azahar ya kwance duk wani abu mai ƙyalli a jikin motar, guda arba'in da bakwai, wanda ya ƙi fita kuma ya sa sukurdireba ya banƙare shi. Ya watsa su duka a robar, har da kusoshi, manya da ƙanana, na ƙofa da na fitila, ya gauraya da ƙafar kujera.

"Oga, ba ka ware kusoshin ba?" mai walda ya tambaye shi.

"Suna nan a kaina. Kowanne na san gidansa."

Daga nan ya tuttule kwalabe shida na ruwan wanke masai a kai, ya bi da galan guda na ruwan batir. Mai walda ya ce robar ta fara tafasa ba wuta, wani wari ya taso wanda ya sa ƙudajen layin suka yi ƙaura. Tela ya fito yana tari, hawaye na zuba, allura a baki.

"Malam, gawar me kake dafawa a nan?"

"Tsatsar shekara arba'in ce take fita. Warin nasara ke nan, ka shaƙa kyauta."

"Mutum uku sun gudu ban gama gwada su ba!"

"Ka gaya musu su dawo Asabar su ga abin da za su ba jikokinsu labari."

Ya ja ƙofa ya datse, ya bar su su kwana a ciki don su jiƙu sosai. Da la'asar ya biya wajen Baba ya ba da rahoto, ya ce aiki ya kai kashi tamanin, saura ɗan shafe-shafe.

Ranar Alhamis ina tashi daga makaranta na zarce garejin. Na tarar da mutum kusan goma a ƙofa, kowa ya toshe hanci, Na-Sani kuma yana tsugune yana tsamo kaya da ludayin miyar Yaya. Hannun ƙofa na farko da ya fito ja-ja ne, da dabbare-dabbaren baƙi. Zoben fitila ya fito ruwan ƙasa. Kawunan mariƙan gilashi, da yake roba ce aka yi wa rufi, sun yi laushi sun lanƙwashe. Da ya kai ludayi ƙasan robar neman kusoshi, wani baƙin taɓo ya kwaso, da 'yan guntaye a ciki.

 Kafin ƙiftawar ido ya miƙe, ya ɗaga hannun ƙofar sama.

"Jama'a, kun gani? Zinariya! Ashe masu kamfanin ɓoye ta suka yi a ƙarƙashin farin. Shekara arba'in tsohon nan yana goge murfi, bai san abin da ke ciki ba."

"Tagulla ce, Oga," in ji mai walda. "Ka cinye fatar, ka iso nama."

"Kai da ƙofar gida kake likawa, ina ka san zinariya?"

"Na san tagulla dai. Da ita ake famfon bayi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ɗauki hannun ƙofar gaba, wanda Mama, Allah ya ji ƙanta, take kamawa ta shiga, na shafa shi na ji ya yi kaushi kamar dutsen goge kaushi. Kuka na yi a gaban mutane, ban ji kunya ba. Na tashi na nufi gida in gaya wa Baba, sai ga Yaya ta sha gabana a bakin layi, ta riƙe min mayafi.

"Auta, don girman Allah. Kin ji abin da likita ya ce. In ransa ya ɓaci idon ya lalace, wa za ki ce ya jawo?"

"Mijinki."

"Ya ce zai gyara."

"Yaya, abin da ya narke ake gyarawa?"

"Ya ce yana da mataki na biyu."

Mataki na biyun shi ne injin gurza ƙarfe na mai walda. Ya nemi aro, mai walda ya ce ko gawarsa ba za ta ba shi ba. Sai ya jira mutumin ya tafi cin abinci, ya shiga shagon ya jona wuta, ya ce wa masu kallo su matsa kusa su koyi sana'a. Cikin duk kayan, ɗan tsuntsun ya zaɓa ya fara da shi, wai don shi ne fuskar mota. Na roƙe shi, na zage shi, na yi ƙoƙarin fizgewa, ya ɗaga shi sama inda hannuna ba ya kaiwa.

"Matsalar mata ke nan, tsoron inji," in ji shi. "Ki tsaya ki ga hannun gwani."

Ya kama tsuntsun da filaya, ya kai shi bakin faifan da ke juyawa. Tartsatsi ya tashi, aka ji ƙyas, tsuntsun da bai taɓa tashi ba tun da aka ƙera shi ya tashi. Ya wuce ta saman kan mai sayar da rake, ya shiga shagon tela, ya daki dogon madubin gwaji, madubin ya zube. A gaban madubin kuwa wata ƙatuwar hajiya ce tsaye, ana gwada ta ɗinkin bikin 'yarta. Ta fito da tef ɗin awo rataye a wuya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Wane mara mutuncin ne ya jefe ni?"

Yatsu goma suka nuna mata farar riga.

"Hajiya, gwajin kimiyya ne, ki yi…"

"Likita ne kai? To zo in ba ka aikin yi!"

Sau uku ta zagaya layin da shi. Ban taɓa sanin takalmin mata yana da ƙara haka ba. Da ta gaji ta koma, tela ya fito da tsuntsun a tafin hannu, ya miƙo min. Fiffike ɗaya ya tafi, bakin ya daddage. Na-Sani ya dawo yana haki, kunne ɗaya ya kumbura, ya leƙa hannuna ya karɓe.

"Dama na yi niyyar cire ɗaya," in ji shi. "Fukafukai biyu iska suke tarewa, shi ya sa motar take shan mai."

Ranar Juma'a ya zo da mataki na uku a cikin kwali: gwangwanayen fentin feshi ruwan azurfa, irin wanda ake fesa wa ƙofar gida da tankin ruwa, sai bututun gam guda ashirin. Tunda kusoshi sun zama taɓo, gam ne zai riƙe komai. Ya manna hannayen ƙofar hagu a dama, suka koma kai ƙasa. Ya manna madubi ɗaya yana kallon sama, ɗaya yana kallon taya. Wasu ƙarafa uku ya rasa inda suka fito, sai ya jera su a kan murfin but, a bayan motar, ya ce ado ne. Sannan ya hau feshi a jikin motar, bai rufe komai da takarda ba, ya fesa, ya sake fesawa, ya ƙara, har fentin ya fara tsiyaya yana gangarowa kan koren.

"Oga, ka bari na farko ya bushe mana," in ji mai walda, wanda yanzu ya daina aiki ya kafa benci yana kallo.

"Wannan na zamani ne, a guje yake bushewa."

"Ga shi nan kuwa yana gudu, har ya kai taya."

Tela ya leƙo ya ce, "Malam, gashin bakinka ya yi furfura."

"Ta ilimi ce."

Da ya gama, sai ya tsaya daga nesa ya ƙanƙance ido, kuma wallahi daga nesa, in mutum ya ƙanƙance ido sosai, akwai ɗan fari-fari. Wannan ya ishe shi. Ya aika gida aka kwaso manyan barguna biyu masu gashi na gadon Yaya, ya lulluɓe motar tun fentin yana danye, wai kada maƙiya su saci fasaha kafin gobe. Daga nan ya wuce wajen Baba.

"Baba, shawara zan ba ka. Gobe kada ka kalle ta kai tsaye. Ka fara da gefen ido, kada ƙyallin ya maido maka da ciwon."

Baba ya juyo da fuskarsa mai bandeji wajen da nake. "Auta, kin gani?"

Yaya ta taka min ƙafa. Na ce, "Na gani, Baba."

"Yaya take?"

"Ba ka taɓa ganinta haka ba."

Da safiyar Asabar aka kwance wa Baba bandeji a asibiti. Likita ya nuna masa allon haruffa, ya karanta har layin ƙarshe, ya ce rabonsa da gani tar haka shekara goma. Ya yi ta murna a hanya yana karanta allunan shaguna da ƙarfi. Ni kuwa a raina na ce da a ce aikin idon bai yi kyau sosai ba, da an samu sauƙi.

Filin ya cika. Motoci kusan talatin a jere, kowacce da mai ita a gefe da tsumma a hannu, yana goge inda ba datti. Tsofaffin abokan Baba suka kewaye shi suna barka, suna tambayar ina koriya. Shugaban ƙungiya, wani dogon dattijo cikin fararen kaya tun daga hula har takalmi, yana bi layi-layi da takarda yana ba da maki. Mai walda da tela sun rufe shagunansu sun zo, sun kama wuri a gaba, har da gyaɗarsu.

Can sai ga motar ɗaukar motoci ta shigo a hankali, koriya a bayanta cikin barguna, Na-Sani a tsaye kusa da ita yana ɗaga wa mutane hannu biyu. Aka sauke ta a tsakiyar fili. Bai jira an kira shi ba, ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa.

"Jama'a, ku ajiye tsummokaranku! Daga yau an daina wahala. Abin da surukina ya yi shekara arba'in yana nema da buroshi, ni na gama shi a kwana uku. Duk mai son a yi wa tasa, ya rubuta suna, amma layi ne, ba na son turereniya. Masu raunin ido su ja baya!"

Ya kama gefen bargo ya ja da salo. Bargon ya ƙi. Ya yi murmushi ya sake ja. Ya ƙi. Ya dafa ƙafa a taya ya fizga da ƙarfinsa duka, aka ji ɓaraaat, ya faɗi zaune, bargon a kansa, madubin dama manne a jiki yana lilo.

Fili ya yi tsit. Duk inda aka fesa fenti gashin bargo ya kama. Hannayen ƙofa sun yi gemu. Zobban fitilu sun yi gira. Ɗan tsuntsun ya yi gashi ruwan ƙasa tun daga kai har wutsiya, ya karkace gefe guda.

"Wannan mota ce ko tunkiya?" wani ya tambaya daga baya.

"A kai ta wajen wanzami!" in ji wani.

Dariya ta ɓarke ta ko'ina. Na-Sani ya fito daga cikin bargo, ya ƙwace lasifika.

"Rufin kariya ne! Jahilci dai bai yi ba. Ana sa shi ne don ƙura, da an shafa yake fita. Ranka ya daɗe, taɓa ka ji santsi."

Shugaban ƙungiya, mutum mai kawaici, ya miƙa hannu ya shafa zoben fitila. Ya ɗago tafinsa ya ga ya koma azurfa da gashi. Cikin ruɗewa ya goge a gaban rigarsa, ya ga abin da ya yi, ya dafe goshi, ya sauke hannu, goshin ma ya samu rabonsa.

"Kai, wane irin abu ne wannan?"

"Ai wajen ba komai ba ne, ranka ya daɗe. Ciki ne aikin yake. Bari ka gani."

Ya lallaɓa ya buɗe ƙofar direba, ya faɗa ciki, ya rufo ta da ƙarfi irin na masu mota. Hannun ƙofar na waje ya faɗo ƙasa, ƙwal. Shugaba ya kama na ƙofar baya don ya leƙa, ya tsinci kansa riƙe da shi a hannu. Mai walda, don neman tabbaci kawai in ji shi, ya zagaya ɗaya gefen ya gwada sauran biyun, ya dawo ya jera su a kan bonet.

Na-Sani ya ga fuskokin mutane ta gilashi, ya ga babu mai rubuta suna, ya ce bari ya fito ya yi bayani. Ya ja hannun ciki, ya biyo shi. Ya miƙa ya ja na ɗaya ƙofar, ya biyo shi. Ya tsallaka baya, gindi a sama, ya ja biyun can, suka biyo shi. Ya kama mariƙin gilashi ya murɗa, ya narke masa a hannu. Gilasai huɗu a rufe ruf, rana ta take, ga warin fenti da gam. Sai ya dawo gaba ya danna zoben hon don a kawo agaji, zoben ya shige ya manne.

Ban taɓa jin hon ɗin motar nan ya yi dogon numfashi haka ba. Yara suka toshe kunne, mai sanarwa ya yar da lasifika, wani tsoho ya shiga tasa motar ya kulle. Aka ce a cire kan batir, to batir yana cikin bonet, abin buɗe bonet kuma yana ciki. Aka yi wa Na-Sani nuni ya ja. Ya ja, ya ɗago mana shi ta gilashi. A ƙarshe mai walda ne ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashi ya tsinke waya, shiru ya dawo, sai tari da guntun dariya nan da can.

Sai Baba ya fito daga cikin abokansa. Ya cire baƙin gilashin asibiti ya sa a aljihu, ya taka a hankali, mutane suna buɗa masa hanya. Ya zagaya motar sau ɗaya da sababbin idanunsa, babu abin da ya tsallake. Ya tsaya a gaban bonet, ya kai yatsa ya taɓa tsuntsun, tsuntsun ya faɗo a tafinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Abokansa duk suka sunkuyar da kai, masu dariya suka yi shiru, ni kuma na ji kamar in nutse.

Akwai wata 'yar taga mai kusurwa uku a ƙofar gaba, wadda ta ɗan buɗe da faɗin yatsu biyu. Nan Na-Sani ya cusa leɓɓansa, gumi na zuba, gashin baki na walƙiya.

"Baba! Baba, ƙaramar matsala ce, duk na san inda take. A fasa gilashi kawai in fito. Wallahi zafi, numfashina sama-sama yake!"

Yaya ta fara kuka. Mai walda ya zaro guduma daga ƙugu, ya dubi Baba. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Iska tana shiga ta nan?"

Mai walda ya sa yatsa kusa da hancin Na-Sani. "Tana shiga, Baba. Ba zai mutu ba."

"In ba a fasa ba, yaya za a buɗe?"

"Sai a shago, da waya da haƙuri. Awa biyu, in Allah ya taimaka."

"To, mayar da gudumarka. Gilashin nan shi kaɗai ya rage a motar da bai gyara ba."

Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗin motar, ya haɗa da tsuntsu mai fiffike ɗaya, ya kama hannuna ya damƙa min a gaban kowa. Ya ce, "Ga amanarki, Auta. Ki yafe min, ba haka na so in ba ki ita ba." Shekara ashirin ina jiran ranar nan, ga shi na samu mabuɗin motar da ba ta da hannun ƙofa ko ɗaya. Na rungume shi a ƙirji.

Aka tura koriya aka mayar kan motar ɗaukar motoci, da mutuminta a ciki. Direban ya leƙo ya tambaya ta ina za a bi, ta bayan gari ko ta cikin kasuwa. Na dubi Baba. Baba ya ce hanyar bayan gari ramuka gare ta, motar ta sha wahalar da ta ishe ta, a bi ta kasuwa, kuma a tafi a hankali ƙwarai.

Direban ya ji magana. Tafiyar minti goma muka yi ta a awa guda, ranar Asabar, kasuwa cike, mai walda da tela suna biye a ƙafa suna yi wa duk wanda ya tambaya bayani. Na-Sani ya kwanta a kujerar baya don kada a gan shi, zafi ya taso shi, ya dawo ya manna baki a 'yar tagar. A daidai layin masu kayan miya wata tsohuwa ta ɗaga kai ta gan shi, ta tambayi Baba ko me wannan bawan Allah ya yi aka kulle shi.

Baba ya ce mata, "Gogewa ya yi."